Dawowar barci ba ita ce warkewa daga ciwon damuwa ba

An daɗe ana cewa idan mai ciwon damuwa ya fara barci har da minshari, to ya warke, sai a ajiye magani. Ba abin mamaki ba ne, tunda rashin barcin ne 'yan gida suka fi gani da idonsu.

Sai dai wasu magungunan, irin su amitriptyline, suna sa gyangyaɗi tun daren farko, alhali sauƙin zuciya kan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin ya bayyana. Likitoci kan so a ci gaba da shan maganin aƙalla wata 6 bayan an samu sauƙi. Akwai ma waɗanda yawan barci ne alamar ciwon nasu.

Barci na da abin da yake nunawa. Wanda ya samu sauƙi amma har yanzu yake farkawa tun kafin assalatu ya kasa komawa, ciwon ya fi saurin dawo masa.

Kuna iya dubawa da kanku. Tsawon mako 2, ku riƙa rubuta lokacin kwanciya da na tashi, da yadda cin abinci da sha'awar aiki suke, sannan ku nuna wa likita. Don Allah ku tura wa 'yan uwa wannan bayani.