Yadda ake lissafin wutar da kayan gida suke ci

Jama'ar Damagaram, da zarar bazara ta kankama a watan Afirilu fanka ba ta hutawa dare da rana, firigo ma haka, sannan takardar kamfanin wuta na NIGELEC ta iso da kuɗin da ya zarce na lokacin hunturu. Roƙona shi ne kowane magidanci ya san abin da na'ura take ci tun kafin ya biya kuɗinta, domin lissafin ba shi da wuya.

A bayan kowace na'ura ko a jikin kwalinta akwai lamba tare da harafin W, wato wat. A ninka lambar da yawan awoyin da na'urar take aiki a yini, a raba da 1000; abin da ya fito shi ne kilowat-awa, ma'aunin da kontar gida take ƙirgawa; a ninka shi da 30 a sami na wata. Tsohon ƙwan lantarki mai zare na wat 60, idan yana kunne awa 6 kowane dare, yana cin kusan kilowat-awa 11 a wata. Ƙwan LED na wat 9 yana ba da haske kwatankwacin wancan, wajen lumen 800 (lumen shi ne ma'aunin haske), amma cinsa a wata bai kai kilowat-awa 2 ba. Saboda haka wanda ya shiga Kasuwar Dole sayen ƙwai ya dubi lumen domin haske, ya dubi wat domin aljihunsa.

Firigo ne ya fi buƙatar lura, tun da injinsa yana tashi yana tsayawa, ninka wat da awa 24 ba zai ba da gaskiya ba. A nemi takardar da ke manne a ƙofarsa, wadda take nuna kilowat-awa na shekara, a raba da 12. Irin firigon da aka yi wa kasuwar Turai tun daga 2021 suna ɗauke da haruffa daga A zuwa G, kuma A ne mafi tsimi. Sai dai an auna wancan adadi na shekara a ɗakin da bai kai zafin garinmu ba, don haka a sa ran cin zai ɗara.

Tsofaffin firigo na hannu su suka fi damuna, domin araharsu ta ranar saye ce kawai. Kafin a saya, a maƙala takarda a bakin ƙofar a rufe, sannan a ja ta. Idan ta zare ba tare da turjiya ba, robar ta saki, sanyi yana zurarewa, kuma injin zai yi ta aiki babu tsayawa har sai an sauya ta.