Haɗin maganin ciwon jiki yana kwantar mana da mutane

Jama'ar Kano, don girman Allah ku daina shan haɗi.

Da wuya mako ya wuce ba a kawo mana wani nan asibiti ba: ɗan dako daga Kasuwar Singa, ɗan adaidaita sahu, birkila, ko wata baba mai ciwon gwiwa. Wannan yana aman jini, wancan bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, wani kuma ƙafafu sun kumbura, fitsari ya ragu. Da an tambaya, amsar ɗaya ce: "Ai ɗan maganin ciwon jiki ne nake karɓa a kemis." A kwance ƙullin, sai ga diclofenac, ga ibuprofen, ga piroxicam, wani lokaci har da aspirin. Haba! Duk aikinsu fa iri ɗaya ne. Wanda ya haɗiye su tare bai ƙara samun sauƙi ba, illar ya ninka.

Na san wahalar da kuke sha. Wanda ya wuni yana sauke buhuna dole jikinsa ya yi tsami, gobe kuma sai ya fita nema wa iyali. Ban ga laifinku a neman sauƙi ba.

Sai dai ku gane abu guda. Jiki yana sarrafa wani sinadari daga kitsen da ke cikin ƙwayoyin halittarsa, ana ce masa furostagilandin. Shi ke sa inda aka bugu ya kumbura ya yi zogi, shi ke tayar da zazzaɓi. Magungunan nan hana jiki yin sa suke yi, kamar yadda masanin kimiyya John Vane na Ingila ya gano game da aspirin a 1971. To shi dai wannan sinadarin ne ke sa tumbi ya fitar da yauƙin da ke kare bangonsa daga asid, kuma shi ke taimaka wa jini ya ratsa ƙoda. Ƙwaya ba ta zaɓe. Ta kashe zogin baya, ta bar ciki ba kariya.

Shi ya sa abin da ya fi ɓata min rai shi ne mai haɗiyar haɗi da sassafe ba komai a cikinsa, ya kora da shayi, ya shiga ranar Afrilu yana zufa ba ya shan ruwa. Kullum fa, wata da watanni! Da azumi ma a sha da sahur a wuni a kai. Malam, wace ƙoda ce za ta jure wannan? Ka taɓa tambayar masu zuwa wankin ƙoda Asibitin Malam Aminu Kano abin da suke kashewa?

Ku ma masu kemis, ku ji tsoron Allah. Ku daina ƙulla wa mutane ƙwayoyi ba suna ba kwali.

A taƙaice:
- Kada a haɗa biyu daga cikin magungunan nan irin su diclofenac da ibuprofen. Ɗaya, bayan an ci abinci, na 'yan kwanaki.
- Ciwo mai sauƙi, a fara da farasitamol, shi ma kada a wuce ƙa'ida.
- Mai olsa, ciwon ƙoda, hawan jini ko asma, da tsofaffi, kada su sha irin su diclofenac sai da izinin likita.
- Mai juna biyu ma kada ta sha su da kanta, musamman daga mako na 20.
- Ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba aspirin.

Wanda ya ga baƙin bayan gida ko aman jini ya taho asibiti a ranar, kada ya jira gobe. Ku riƙo ƙullin maganin mu ga abin da aka sha.