Don Allah a daina cewa "haƙori ne"

Babu maganar da ke tayar min da hankali a ɗakin duba yara kamar wannan. Uwa za ta kwance goyo, a sauko da yaro ɗan wata bakwai ko takwas, idanu sun faɗa, maɗiga ta lotsa, leɓe ya bushe, ko kuka ba ya iya yi da ƙarfi. In tambaya tun yaushe yake gudawa, a ce min yau kwana huɗu, wani lokaci mako guda. To me ya hana ku zuwa? "Malama, ai haƙori ne. An ce in ya fito za ta tsaya."

Wa ya ce? Kaka ta ce, maƙwabciya ta ce, mai kemis ya gyaɗa kai. Kowa ya ce, shi kuwa yaron ruwan jikinsa yana ta tsiyayewa.

Na san daɗin wannan lokacin, ba na raina shi. Ranar da jariri ya fara zama da kansa ba a tokare shi da matashi ba, ranar da ya ja ciki ya nufi kwanon babansa, ranar da uwa ta ji an ɗan cije ta wurin shan nono, ta sa yatsa a dasashin ƙasa ta ji abu tsini-tsini, duk gida sai ya ɗauka. A kira maigida, a ɗauki hoto a tura wa dangi ta WhatsApp. Musamman mai haihuwar fari, ita komai sabo ne a wurinta, kuma duk abin da manya suka gaya mata shi za ta riƙe. Shi ya sa nake jin zafin abin. Uwar da ba ta yi barci ba kwana uku saboda ɗanta, ba sakaci ne ya zaunar da ita a gida ba. An ba ta amsa ne, ta yarda.

Ku ji ni da kyau. Haƙori yana sa dalalar miyau. Yana sa ƙaiƙayin dasashi, yaro ya riƙa cizon duk abin da ya samu, ya yi rigima, ya ɗan rage ci, jikinsa ya ɗan yi ɗumi. Iyakarsa ke nan. Haƙori ba ya sa gudawa. Ba ya sa amai. Ba ya sa zazzaɓin da za ki taɓa yaro ki ji zafi rau, balle jijjiga. In kin ga ɗaya daga cikin waɗannan, ciwo ne, kuma ciwon yana da suna da magani.

Za ku ce to me ya sa kullum tare suke zuwa? Saboda wajen wata 6 ne komai ke haɗuwa. A lokacin ne kariyar da ya samo daga jikinki tun yana ciki take raguwa. A lokacin ne aka fara ba shi koko da ruwa, da kofi da cokalin da ba kullum ake wanke su da sabulu ba. Ba da jimawa ba kuma ya fara rarrafe, duk abin da hannu ya ɗauka sai baki: takalmi, ƙasa, kashin kaji a tsakar gida. Haƙorin ya iso ne kawai a daidai lokacin, aka ɗora masa laifin.

Sannan ku yi lissafi. Haƙoran yarinta guda 20 ne, suna farawa wajen wata 6, ba sa gama fitowa sai yaro ya kusa shekara 3. Ke nan sama da shekara biyu kusan kullum akwai haƙorin da ke hanya. In duk gudawa da duk zazzaɓi sai an jira haƙori ya fito, yaushe za a kawo yaron asibiti? A cikin waɗannan shekarun ne fa zazzaɓin cizon sauro da ciwon huhu da gudawa suka fi kwashe mana yara. Wanda ya tsira kuma, gudawa ta tafi ta dawo, ta tafi ta dawo, sai mu auna damtsensa da ma'auni mai launuka mu ga ya shiga ja, tamowa ta kama shi. Yaron da ya fara tsayuwa ya koma zama, sai a dawo ana tambayata me ya sa bai yi tafiya ba alhali sa'o'insa suna gudu.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne "maganin haƙori" na kwalba. A shekarar 2008 wani irinsa mai suna My Pikin ya kashe yara aƙalla 84 a Najeriya, saboda gubar da ta shiga haɗinsa ta lalata musu ƙoda. Har Zariya abin ya kai, sai da hukumar NAFDAC ta sa aka janye shi daga kasuwa. Iyayen nan ba su yi nufin komai ba sai sauƙaƙa wa 'ya'yansu. Ko waɗanda babu guba a cikinsu, da yawa haɗin farasitamol ne da maganin da ke sa barci. Yaro ya sha ya yi luf, uwa ta ce Alhamdulillahi ya samu sauƙi, alhali gudawar tana nan tana aikinta. Haka masu buɗe kafso su zazzage a cokali su ɗura wa jariri. Wa ya auna shi? Wa ya duba shi? Ku daina, don girman Allah.

Iya, ke da kika rene 'ya'ya da jikoki, ban isa in koya miki reno ba. Amma ki tuna yara nawa aka binne a zamaninku aka ce haƙori ne ya zo musu da gardama. A lokacin babu ruwan gishiri da sukari na leda, babu ƙwayar zinc mai rage gudawa, babu gwajin zazzaɓin da ake yi a ɗan yatsa a ga sakamako cikin minti 20. Yanzu akwai. Maganarki ta fi tawa ƙarfi a gidan nan, in kika ce a tafi asibiti babu mai musu. Kai kuma maigida, kada matarka ta kwana tana jiran izini ko kuɗin abin hawa. Ka bar mata izinin tun kafin ka fita kasuwa ko gona.

Ga abin yi, a taƙaice:

Gudawa ta fara, ruwa-ruwa sau uku a yini: a haɗa ORS, wato ruwan gishiri da sukari na leda, nan take da ruwa mai tsabta, daidai ma'aunin da aka rubuta a jikin ledar, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan da cokali. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba.

Zinc ƙwaya ɗaya kullum har kwana 10, ko da gudawar ta tsaya. Wanda bai kai wata 6 ba, rabi.

Kada a janye nono, a ƙara ma. Kada a hana shi abinci.

Zazzaɓi: a kawo shi a yi gwaji a ranar, ba gobe ba.

Ya ƙi kama nono, yana amayar da komai, jini a bayan gida, numfashi da sauri, jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai: asibiti, ko da tsakar dare ne.

Shi kuwa haƙorin kansa, ki wanke hannunki da sabulu ki murza masa dasashi a hankali, ko ki ba shi tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi ya ciza. Ba a tsaga dasashi, ba a shafa masa komai.

In za ki zo, ki taho da katinsa. Tun 2022 aka sa rigakafin rota, mai kare yara daga muguwar gudawa, cikin na yau da kullum, ana ɗigawa a baki a mako na 6 da na 10 da na 14, kuma kyauta ne. Allurar ƙyanda tana wata 9, ta biyu a wata 15. Mu duba wanda ya wuce shi, mu ɗora shi a sikeli, in ya so mu leƙa bakin tare mu ƙirga haƙoran.