Bambancin "livestock" da "cattle" a harshen Ingilishi

A harshen Ingilishi, "livestock" ita ce kalmar da ta tattara dukan bisashen da mutum ke kiwo domin nama ko nono ko fata ko aiki, wato shanu da tumaki da awaki da raƙuma da jakuna da dawaki, alhali "cattle" ta tsaya ga shanu kaɗai, sa ne ko saniya ko maraƙi. Kaji kuwa ba a daidaita a kansu ba: hukumar FAO, ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da abinci da aikin gona, tana lissafa su cikin "livestock", amma a maganar yau da kullum akan ware su da sunan "poultry".

Wannan bambanci yakan kuɓuce wa ɗalibi ko tafinta a Tawa da Yamai, saboda ya fara sanin Faransanci kafin Ingilishi, kuma ƙamusoshi da dama suna jera kalmomin biyu a gaban "bétail" kamar ma'anarsu ɗaya. Daidaitacciyar fassara ita ce, "bétail" ta tafi da "livestock", "bovins" kuma da "cattle". Wanda ya kira kasuwar Abalak ta jihar Tawa "cattle market" ya sa mai karatu a Najeriya ko Ghana ya zaci shanu ne kawai ake dillancinsu a can, ya kuma shafe raƙuma da awaki da tumakin da ke cika ta. Amma in ana maganar shanun Azawak, ko jajayen shanun Bororo masu dogon ƙaho, ko na Kuri da ke bakin Tafkin Cadi, to "cattle" ce ta dace.

Abin lura shi ne, kalmar da ta ƙuntata a yau ita ce mai faɗi a da. "Cattle" ta shiga Ingilishi ne daga Faransancin Normandawa, waɗanda suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kuma asalinta "capitale" ce ta Latin, mai nufin abin da mutum ya mallaka. Daga wannan tushe ne "capital" mai nufin jari ta fito, haka ma "cheptel" da ma'aikatan kiwo na Nijar ke rubutawa in suna nufin ɗaukacin garkunan ƙasa. Ko a fassarar Baibul ta Ingilishi ta 1611, "cattle" na iya nufin tumaki da awaki. Daga baya ne ta koma ta shanu zalla. Wannan ba zai ba Bahaushe mamaki ba, tun da makiyayi har yau "dukiya" yake ce wa garkensa.

Ta fuskar nahawu, "cattle" jam'i ce marar tilo, ba a kuma ƙara mata harafin "s". Mai nufin saniya guda sai ya ce "cow", sa kuma "bull", mai ƙidaya shanu goma kuwa ya ce "ten head of cattle".