Cocin Kilpeck

Cocin Kilpeck, mai suna St Mary da St David, ƙaramar majami'a ce a wani ƙauye na gundumar Herefordshire a yammacin Ingila, kimanin mil 9 kudu maso yamma da birnin Hereford, dab da iyakar Wales. An gina ta wajajen shekarar 1140, zamanin da Normawa, waɗanda suka zo daga arewacin Faransa, ke mulkin ƙasar, kuma ana danganta aikin ga Hugh de Kilpeck, ubangidan yankin, wanda kufan ganuwar gidansa ke nan yamma da cocin har yau.

Ginin bai da girma. Da jan dutse aka yi shi, kashi uku a jere: zauren da jama'a ke taruwa, sai sashen limamai, sai wani lungu mai siffar rabin da'ira a gabas inda bagadi yake. Wannan tsari ya zama ruwan dare a ƙarni na 12, amma yawancin cocin ƙauyuka an faɗaɗa su daga baya. Kilpeck kuwa ta tsira ne saboda garin ya koma baya, musamman bayan babbar annobar da ta kashe ɗimbin mutane a 1349, ba a sami jama'a ko kuɗin da za a rushe a sake gini ba.

Sassaƙa ce ta fito da sunanta. A ƙofar kudu, macizai na hawa ginshiƙai suna haɗiyar wutsiyar juna, ga wasu mayaƙa biyu da huluna masu tsini sun maƙale cikin rassan itace, a sama kuma an zana Bishiyar Rayuwa. Ƙarƙashin rufi, duwatsu fiye da 80 sun kewaye ginin, kowanne da fuskarsa: kare da zomo kafaɗa da kafaɗa, mai goge, 'yan kokawa, har da wata mace tsirara da masana ke ta gardama kan ma'anarta. A bangon yamma kawunan dodanni sun leƙo waje baki buɗe, harshe a naɗe. Abin mamaki shi ne yadda dutsen ya jure ruwa da sanyi kusan shekara 900, har ƙwayar idon zomon ana gani.

Magina sun haɗa salon Keltawa, na Anglo-Sakson, na Sikandinebiya da na yammacin Faransa, kuma ana samun hannunsu a majami'un ƙauyukan Shobdon, Eardisley da Castle Frome na wannan gunduma. Har yanzu ana ibada a cocin, tana cikin gine-ginen da doka ta ba kariya ta mataki na ɗaya.