Shin Ma'aikatan Laburaren Jami'a Sun San Yadda Ɗalibansu Ke Karatu?

Me ya kawo wannan tambaya, alhali ma'aikatan da ɗaliban kullum suna tare?

Wanda ma'aikacin laburare ke gani shi ne ɗalibin da ya shigo ginin. Manyan makarantun Legas, wato Kwalejin Fasaha ta Yaba da aka kafa a 1947, da Jami'ar Legas ta Akoka a 1962, da Jami'ar Jihar Legas ta Ojo a 1983, duk an kafa su ne a zamanin da ilimi ke jere a kan kanta, kuma ma'aunin da aikin laburare ya gada daga wancan zamani shi ne yawan masu shigowa da yawan littattafan da aka ara. Ɗalibin da ya karanta babi uku a wayarsa bai taka ƙofar ba, ba ya cikin wannan lissafi, ko da kuwa ya fi kowa karatu a ranar.

To, wace na'ura ɗaliban suka fi dogaro da ita?

Wayar hannu ce, amma kiran wannan "zaɓi" yana ɓoye rabin gaskiya. Ɗauki ɗalibi Bahaushe da iyayensa ke Agege ko Mile 12, wanda ke fitowa bayan sallar asuba ya shiga danfo, ya ɓata sa'o'i a cunkoso kafin ya isa aji. Ba zai buɗe kwamfuta a kan cinyarsa a cikin motar ba, in ma yana da ita, amma zai iya karanta takardar da ɗan ajinsu ya tura zauren WhatsApp. Waya ta fi araha, cajinta ya fi jimrewa idan an ɗauke wuta, kuma abin da aka sauke sau ɗaya ba ya sake cin data. Wannan lissafin ya ƙara nauyi tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025.

A ina fahimtar ma'aikatan ta fi samun tangarɗa?

A ganina, babbar tangarɗar ita ce ɗauka cewa matashin da ya ƙware a danna waya ya iya neman ilimi a intanet. Abubuwa biyu ne daban. Ɗalibi na iya shirya bidiyo cikin minti biyar, amma bai taɓa jin sunan rumbun mujallun ilimi na intanet mai suna JSTOR ba, bai kuma san cewa shirin Research4Life, wanda reshensa na lafiya mai suna Hinari ya fara aiki a 2002, yana bai wa cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi damar karanta mujallun ilimi kyauta ko a farashi mai rahusa ba. Idan ma ya sani, sai ya tarar ana neman kalmar sirrin da sai ya je ofis ya karɓa, ko kuma shafin ba ya buɗewa sai a kan intanet ɗin makaranta. Idan ya buɗe, sai ga rubutu layi biyu-biyu da aka tsara don babban allo, yana ta jan hoton hagu da dama har ya gaji. Daga nan sai ya koma Google, ma'aikacin kuma ya ɗauka lalaci ne.

Akwai kuma kuskuren da ke kishiyar wannan, wato zaton ɗalibai sun yi sallama da takarda. Duk wanda ya leƙa zauren karatu a makon jarrabawa ya san ba haka ba ne: kujeru cike, fotokwafi a kan kowane tebur, ana rububin wurin da ke kusa da soket. Wuri mai shiru da fanka da wuta yana cikin fasahar da ɗalibin Legas ke nema.

Ashe duk laifin ma'aikatan ne?

A'a. Kamfanonin ƙasashen waje ne ke tsara yawancin rumbunan mujallu, ba da wayar ɗalibin Agege a ransu ba. Kuɗin da ke zuwa daga asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund kuwa ya fi sauƙin bayani idan ya zama gini ko kwamfutoci da za a iya ƙirgawa. Sannan rufe makarantu saboda korona a 2020, da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na wata takwas a 2022, sun koya wa ɗalibai da yawa neman karatu ba tare da laburare ba, kuma ba su bar wannan sabon ba bayan an buɗe.

Ina batun ƙirƙirarriyar basira?

Tun fitowar manhajar ƙirƙirarriyar basira ta ChatGPT a watan Nuwamban 2022, ɗalibai suka samu abin da ke ba da amsa nan take a waya. Matsalarsa ita ce yana iya ƙirƙiro sunan littafi ko marubucin da babu shi, kuma tantance madogara aikin ma'aikacin laburare ne tun asali.

Ta yaya laburare zai san gaskiyar abin da ɗalibai ke buƙata?

Takardar tambayoyi da ake raba wa waɗanda ke cikin zauren ba ta isa ba, domin masu zuwa kaɗai take ji. Bayanan shafin laburaren kansa na iya nuna nawa ne suka shigo ta waya, da ƙarfe nawa, da kuma shafin da suka tsaya suka fita. Ya kamata a nemi masu karatun wucin gadi da ke kasuwanci da rana, da ɗalibai mata masu barin makaranta kafin magariba, da waɗanda ke jin nauyin yin tambaya da Turanci a gaban jama'a. Hanya mafi sauƙi ita ce ma'aikaci ya zauna gefen ɗalibi, ya ce ya nemo masa maƙala ɗaya a wayarsa da datarsa, shi kuma ya yi shiru yana kallon inda zai maƙale.