Gidan adana takardun tarihi ba laburare ba ne

Mutane da yawa a Sakkwato na ɗauka cewa idan suka je gidan adana takardun tarihi na ƙasa, za su tarar da kanta guda an rubuta "Sarauta" ko "Rikicin gona". Ba haka tsarin yake ba. Ana jera fayiloli ne bisa ofishin da ya samar da su, da lambobinsu na asali. Shi ya sa takardun Razdan na Lardin Sakkwato na zamanin mulkin mallaka suke tare ƙarƙashin sunan SOKPROF a reshen Kaduna, ɗaya daga manyan rassa uku na hukumar adana takardun da aka kafa a 1954, tare da Ibadan da Inugu.

Don haka mai neman batun iyakar gunduma ya fara tambayar kansa: wane ofishi ne ya yi wannan aiki a lokacin? Sai ya duba kundin jerin fayiloli, ya cike takardar buƙata, ma'aikaci ya ɗauko masa. Kuskuren lamba ɗaya kan jawo a ce babu fayil ɗin, alhali yana nan.

Kuma ba a fita da komai waje. Tsohuwar takarda, musamman wadda ƙusa mai tsatsa ta ci gefenta, hannu kaɗai na iya karya ta.